Na Ce wa Hajiya 'Yan Takardu Ne Kawai

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina jinkirin rubuto wannan, ko yanzu ma ban tabbata ya dace ba. A ƙarshen shekarun saba'in ni matashiya ce da ta gama jami'a ba ta taɓa aiki da digirinta ba, na bi maigidana zuwa Alƙahira inda aka tura shi ofishin jakadanci. Aka ba mu gida a ƙasan wani bene a unguwar Zamalek, da ɗan fili a bayansa. Ni mutum ce mai tsoron kuskure, idan na kulle ƙofa sai na koma na taɓa ta. Abin da ya riƙe ni a garin shi ne wannan fili, sai wani littafin labari da nake rubutawa da hannu idan maigida ya fita aiki. Shi yana zaton wasiƙun gida nake yi, ni kuma ban gyara masa zaton ba.

Da na gama, na daure na rubuta wa wani kamfanin buga littattafai a gida. Suka amsa a taƙaice cewa in aiko su gani, ba su yi alkawarin komai ba. Kwafi ɗaya gare ni. Akwai mai buga tafireta a ofishin maigida, amma na ji tsoron kafin la'asar matan ma'aikata sun ji cewa matar wane ta zama marubuciya. Gidan waya kuma ban yarda da shi ba. Sai na tuna da wata Hajiya 'yar Damagaram, sa'ar mahaifiyata, wadda ke saro mayafai da turare a kasuwar Ataba tana bi ta Kano. Ta hannun irinta kowa ke aika saƙo, ita ce ma ta kawo mini irin yakuwa da kuɓewa daga gida.

Ranar da ta zo sallama, sanyi ya fara janyewa, ta same ni tsugune a filin ina gyara kunyar shuka. Ta yi dariya ta ce ashe digirin nawa na noman miya ne. Na ba ta ƙunshi biyu, tsarabar mahaifiyata da littafin, ɗaure da igiya, ta ba ƙanena ya kai kamfanin. Ta ɗaga ta ji nauyi, ta tambaye ni ko duwatsun dalar Fir'auna nake aikawa, me ke ciki? A nan na yi abin da har yau yake cin raina. Na sunkuyar da kai na ce 'yan takardu ne kawai, ba wani abu ba ne, idan za su takura mata kada ta wahalar da kanta. Haka aka raine mu, ko rago mutum ya kai sai ya ce ɗan abin miya ne. Na ɗauka za ta gane, kamar yadda kowa ke ganewa.

Sai jira. Na yi shuka da wuri, ƙasar tana da sauran sanyi, irin ya ƙi fitowa. Kullum da safe sai in leƙa akwatin wasiƙu, in dawo in tona ramin da yatsa in ga ko ya tsaga, kuma ina jin da yawa ni na kashe su da tonon. Wasiƙar ƙanena ta zo, tsaraba ta isa, Inna na sa albarka, bai ambaci takardu ba. Na ce wataƙila ya manta, wataƙila yana so ya ba ni labari mai daɗi gaba ɗaya. Abinci ya daina shiga. Maigida ya fara maganar asibiti, na ce canjin yanayi ne.

Da Hajiya ta dawo, kunya ta hana ni tambaya sai da ta ci ta sha ta miƙe za ta tafi. Da na tambaya, da ƙyar ta tuna. Ta ce ma'alish 'yata, wato in yi haƙuri, kaya ne suka yi nauyi a ma'aunin filin jirgi, ta tuna maganata, sai ta miƙa wa ɗaliban da suka rako ta, 'yan gidan da take sauka a unguwar Hay el-Sabi'. Da ta ga fuskata ta ce ai ni da bakina na ce ba wani abu ba ne, da na ce amana ce, da mayafanta za ta zubar ta ɗauki ƙunshin. Na san gaskiya ta faɗa.

Ban nemi izinin kowa ba, na tari tasi. Ɗaliban suka karɓe ni da ladabi suna ta Malama, Malama. Babbansu ya ce sun ajiye ƙunshin sun gaji, suka zaci tsofaffin takardun kasuwar Hajiya ne, ranar shara suka haɗa da jaridu suka ba mai ta'amiya na bakin layi, wato ƙosan Masar, wanda a takarda ake naɗe shi. Na je da guntun Larabcina. Mutumin ya nuna mini tarin da yake yaga, na hango rubutun hannuna. Abin da ya rage kaɗan ne daga tsakiyar littafin. Na tambayi sauran, ya buɗe hannuwa ya ce khalas, wato ya ƙare. Kwanaki na yi ina komawa unguwar a ɓoye, da mayafina mai kyau, ina bin gefen titi ina ɗaga duk takardar da mai ya jiƙa. Na tsinci wasu, tawada ta narke, ana hango yatsana ta cikinsu. Wata tsohuwa ta ɗauka mahaukaciya ce, ta miƙo mini gurasa.

Daga baya na gaya wa maigida. Bai yi faɗa ba, ya ce da na faɗa masa da ya sa an buga mini kwafi uku. Wannan ya fi faɗan ciwo. Na yi ƙoƙarin sake rubutawa, amma abin ya fito kamar wata ce ke ba da labarin da ta ji a bakin wata. Ban aika ba, kamfanin kuma ba su san ma an yi ba. Ba zan ce littafin mai kyau ba ne, wataƙila da sun dawo mini da shi. Amma da na sani, yanzu kuwa ba zan taɓa sani ba.

Ban riƙe Hajiya a zuciya ba, Allah ya jiƙanta. Kawaici abu ne mai kyau, ban ce a bar shi ba, amma ina ganin wurinsa kyauta ne, ba amana ba. 'Yan'uwana masu rubutu a ɓoye, ku yi kwafi ko da hannu ne, ku gaya wa mutum ɗaya a gida. Idan kuma za ku damƙa wa wani aikinku, ku ɗaga kai ku faɗa masa abin da ke ciki, domin darajar da kuka ba shi da bakinku, da ita za a auna shi.