Ranar da Reza Ta Kauce a Hannun Saiti

Shagon askin Saiti a bene yake, saman shagon wani tela, kuma matakalar da ake hawa a miƙe take kamar tsani, har masu zuwa aski ke cewa kafin ka kai sama gashinka ya ƙara tsawo. Duk da haka hawa suke yi. Ba don kujerar ba, wadda ke kuka kamar akuya in an kwantar da ita, ba kuma don madubin da ya tsage a gefe ba. Hannun mutumin suke bi. In ya ja maka layin goshi da reza, sai ka rantse da zaren magina ya auna. Daga nan sunan Saiti ya fito, ya danne na yanka, har matarsa ma da shi take kiransa in ranta ya ɓaci.

Wajen ubansa ya gaji sana'ar, wajensa kuma ya gaji wani tsoro. Tsohon ya yi zamaninsa, sai hannu ya fara masa rawa. Da fari cokali ne ke ƙara a kofin shayi, ana dariya. Daga baya ya tsaga kunnen wani bawan Allah, dariya ta ƙare. Ran nan ya nannaɗe rezarsa a tsumma ya miƙa wa ɗansa, ya koma bakin ƙofa yana kallon masu wucewa har Allah ya karɓi abinsa. Saiti bai taɓa gaya wa kowa ba, amma tun da furfura ta leƙo masa, kullum da safe sai ya miƙe yatsu ya zuba musu ido, kamar mai leƙa akurki ya ga ko kaza ta yi ƙwai.

Ran da abin ya faru da hantsi ne, babu wuta, janaretan tela na ta gunji a ƙasa. Kan kujera akwai Malam Taswira, tsohon malamin labarin ƙasa da ya yi ritaya amma bakinsa ya ƙi yi. Saiti ya daɗe da gano maganinsa: ya cika masa leɓe da kumfa. Ya gama ɓangaren dama tas, ya ɗaga masa haɓa, ya ɗora reza. Sai ya ji wani abu ya taso daga tafin ƙafarsa, hannu ya zame. Ja ya ɓullo cikin farar kumfa.

Yankan bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, amma Saiti ji ya yi kamar shi aka yanka.

"Subhanallahi! Malam, yi haƙuri, bari in sa auduga."

Malam bai ce uffan ba, abin da ba a taɓa gani ba. Idonsa na kan rufi, a zare. Ya yunƙura ya tashi, ya goge kumfar da tawul, ya ce, "Bar shi, bar shi, na tuna wani uzuri." Ya sauka yana dafa bango, rabin fuska sumul, rabi kamar gonar da ba a nome ba.

Saiti ya tsaya da reza a hannu. Ka ji, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ba shi maƙogwaronsa amana, yau ya gudu. Ya dai kama wata 'yar igiyar fata: ƙila babbar mota ce ta wuce ta kaɗa ginin. Ya sauka wurin tela.

"Maƙwabci, ba ka ji wani abu ba yanzu?"

Tela na taka keken ɗinki, allura a baki, janareta a bayansa. Ya zare allurar ya ce, "Na ji mana. Yunwa."

"Da gaske nake. Mota ba ta wuce ba?"

"Ko kura ce ta wuce da ganga ba zan ji ba. Lafiya ka yi zuru-zuru haka? Ko ka aske wa wani gira?"

Saiti ya tambayi mai sayar da lemo a bakin titi, ya tambayi masu jiran mota. Babu wanda ya ji komai. To, in duniya ba ta motsa ba, wane ne ya motsa? Ya koma sama, ya nemo tsumma ya nannaɗe rezar, ya rufe shago rana tsaka.

A gida ya kasa zama. Ya zauna a kujera, ya tashi, ya leƙa taga, ya dawo. Ya cika kofi da ruwa har baki, ya miƙe hannu yana kallo. Ruwan ya yi ɗan motsi. Ya ƙara zuba ido, ya ƙara motsi. Ya sauya hannu, na hagun ma ya bi sahun ɗan'uwansa. Matarsa da ke ninke wanki ta gaji da kallon ikon Allah.

"Baban yara, ruwan nan sha za ka yi ko tambayarsa kake?"

"Ki bar ni."

"Na bar ka tun ɗazu, ka jiƙa min daɓe. Me ya dawo da kai yanzu?"

Ya ajiye kofin, ya ce a hankali, "Na yanki Malam Taswira."

"Ya mutu?"

"Ke kam! Haɓa ce kawai."

"To mutumin da ke surutu ana masa aski, ai ya daɗe yana nema."

"Bai yi magana ba. Hannuna ne. Irin na Baba."

Nan ta ajiye rigar da ke hannunta, don ta san tsohon, ita ta riƙa riƙe masa kofi a ƙarshe. Sai ta miƙa hannu ta kunna rediyo. Ana cikin labarai mai karantawa ya ce an sami girgizar ƙasa da hantsin yau, mai ƙarfin huɗu da ɗigo shida a ma'auni, cibiyarta can nesa wajen duwatsu, a zurfin kilomita goma, kuma an ɗan ji ta a garuruwa da dama.

"To ka ji!" in ji ta. "Ƙasa ce ta yi rawa, ka ɗora wa hannunka."

Saiti ya ji sanyi a ransa na ɗan lokaci, sai kuma ya girgiza kai. Shi ma ai da lambobi yake aiki. Kum ɗin injin aski lamba-lamba ne, kuma lamba huɗu ko gashin kirki ba ta ɗauka, shafa kai kawai take yi. Abin da bai wuce huɗu ba, ya faru can bayan duniya, shi zai tsallake tela da mai lemo da duk mutanen titi, ya hau bene ya kama hannunsa shi kaɗai?

"Ke kin ji ta?"

"Ina hanyar kasuwa."

"To kin gani."

Washegari ya tafi shago da jaka, niyyarsa ya kwashe kayan aiki kafin gari ya ji. A kan matakala ya tarar da mutum zaune, ya naɗe fuska da mayafi kamar mai ciwon haƙori. Malam Taswira ne.

"Sai yanzu? Saiti, ka san abin da na sha? Jikokina sun ce in tsaya a gefe ɗaya in za su gaishe ni."

"Malam, ka nemi wani ya ƙarasa maka. Ni na ajiye."

"Ka ajiye me? Buɗe mu shiga, akwai magana."

Da suka shiga Malam ya nuna ƙwan fitilar da ke rataye da waya a tsakiyar rufi. "Jiya ina kwance a nan na ga wannan yana lilo, kujera na tafiya da ni. Na ce shi ke nan, hawan jini ya zo ɗaukata, irin wanda ya kwantar da yayana. Ban ma san ka yanke ni ba sai da mai kemis ya tambaya. Ya auna ni, ya sake aunawa, ya ce jinina ya fi nasa lafiya. Sai da na ji rediyo kunya ta kama ni. Na ƙare ƙuruciyata ina zana girgizar ƙasa a allo, ran da ta zo gaishe ni na gudu kemis."

Saiti ya ɗaga kai ya dubi ƙwan. "Ya yi lilo? Da idonka?"

"Da wanne zan gani, da na aro?"

"Amma huɗu fa suka ce, ranka ya daɗe. Lamba huɗu a wurinmu ai..."

"Wurinku! Lambarsu ba irin ta kum ɗinka ba ce, da ake ƙara tsawo kaɗan-kaɗan. Suna da na'ura mai zana motsin ƙasa. Daga huɗu zuwa biyar, zanen sau goma yake ƙara tsalle, ƙarfin da ƙasa ta saki kuwa ya ninka fiye da sau talatin. Biyu sai dai na'ura ta ji. Huɗu da wani abu tana kaɗa fitila da kofuna har nesa. Da shida ce ta same mu kusa, da ba zancen haɓa muke yi ba."

"To me ya sa tela bai ji ba?"

"Lambar ta can ce, inda dutse ya goce a ƙarƙashin ƙasa, kuma guda ɗaya ce tak. Abin da ya iso wa kowa kuwa awonsa daban. Ɗauki janaretan telan nan: ƙarfinsa ɗaya, amma shi ya kurmance, kai kana jin gunji, na ƙarshen layi bai san an tayar ba. Nisa na ragewa, zurfi na ragewa, irin ƙasar da gini ke kai ma da nata. Mai tafiya da mai taka keke ba sa ji. Na bene wanda ya natsu shi ke ji, don bene kamar kan sanda ne, ka motsa gindin kaɗan, kan ya fi lilo. Duk layin nan wa ya kai mai reza a wuyan mutum natsuwa? Sai wanda rezar ke wuyansa."

Ya warware mayafin, ya haye kujera, ta yi kukanta na akuya. "Bismillah. Ba zan sake kwana da rabin fuska ba."

Saiti ya kwance tsumman. Ya haɗa kumfa, ya shafa, har da ƙari a leɓe. Da ya ɗaga reza sai ya ga bakinta na ɗan kyarma. Ya dubi ƙwan fitila: tsaye cak. Zufa ta keto masa. Malam ya lumshe ido, ya ƙara miƙa wuya, kamar wanda ya zo hutu.

Saiti ya ɗora rezar. Da ƙarfen ya taɓa fata, hannun ya kama hanyarsa kamar jakin da ya ga gida. Ya sauko daga saje, ya zagaye ɗan yankan jiya, ya bi ƙasan haɓa, ya share maƙogwaro. Babu ja ko ɗigo. Malam ya tashi ya juya fuska dama da hagu a madubi, ya ce ɓangaren yau ya fi na jiya, sannan ya ƙara da cewa wani lokaci ƙananan girgiza kan biyo bayan babba, kada wani ya sake rufe shago.

Kafin azahar Saiti ya nemo zare a wurin tela, ya ɗaure tsohon makulli, ya rataye shi a ƙusar da ke saman madubi, daidai inda ido zai kai ba sai ya ɗaga kai ba. Har yau yana duba yatsunsa da safe, wannan kam ba ta barinsa. Amma in ya ji wani abu ya taso masa daga ƙafa, makullin yake fara kallo. Tela ya hau ran nan ya gani, ya tambayi ko na wace ƙofa ne.

"Sauka ka ci abinci," in ji Saiti. "Kai ai yunwa kaɗai kake ji."