Sai Bayan Raina

Duk wanda ya saba karanta Kufai, mujallar nan da ake bugawa a Kano a kan tarihin garuruwa, ya san sunan Malam Kamaruddeen Faruk. A shafin ƙarshe, inda ake gabatar da marubuta, da manya ake jera shi. Akwai wani dakta na jami'a, akwai tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya ya koma tonon tsofaffin shari'o'i, ga kuma wata Hajiya ma'aikaciyar jinya wadda ba ta da zance sai na ungozomomin da. Su waɗannan in ka duba bana ka duba baɗi sai ka ga an ƙara musu wani abu, wannan ya fitar da littafi, waccan an gayyace ta taro Zariya. Shi kuwa Malam Kamaruddeen layinsa ba ya gaba ba ya baya: malamin makaranta ne a Kwarin Dashi, kusa da Ɗanbatta, yana kan rubuta tarihin garinsu. Yana kan rubutawa, fiye da shekara goma! Har yaran ofishin mujallar sun mai da abin wasa, in an aiki ɗayansu ya daɗe sai a ce ko ya tafi Kwarin Dashi ne.

Ɗan manomi ne. Ubansa gero da gyaɗa yake nomawa a wata 'yar gona da in ka tsaya a wannan kai ka yi tari, na wancan kan zai ce maka sannu. Haka Kwarin Dashi take, ba daji ba saura, gona jingine da gona, gamba kawai ce a tsakani. Shi ya sa mutanen wurin za su yafe maka zagi amma ba za su yafe maka taku ɗaya a kan iyaka ba. Kamaruddeen ya so ya shiga makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa ya zama likita, lissafi ya yi masa ƙafar ungulu. Sai ya tafi kwalejin horon malamai ya karanta tarihi. Da ya dawo gida da takardarsa, ya tarar an cire tarihin daga jadawalin darussa. Hedimasta ya dube shi sama da ƙasa, ya ce to ai ba su da malamin lissafi. Haka ya shekara da shekaru yana koya wa yara abin da ya kayar da shi.

Haushin wannan ne ya tura shi wurin tsofaffi. Ranar kasuwar Ɗanbatta sai ya raɓe a rumfar masu goro yana sauraron hirarsu, daga nan ya fara bin su gida a kan babur ɗinsa. Yana da hanyarsa ta aiki. Ba ya zuwa hannu rabbana, kuma bai taɓa tambayar tsoho yaushe aka kafa garinsu ba, don ya san amsar da zai samu ita ce tun tuni. Cewa yake, rijiyar nan ta bakin masallaci wa ya haƙa ta? Kukar can, wa yake karkaɗe ta kafin gidanku? Shekaru kuwa da fari da yunwa da zuwan fara yake auna su. Da haka ya rubuta ƙauyuka tun daga Kunci har gefen Dawakin Tofa, editan Kufai, Dakta Abdulkabir, yana bugawa yana yabawa. Garinsu kaɗai ya rage, shi ma don yana ganin ai a hannu yake.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Baba Yuguda ya aika a kira shi. Baba Yuguda shi ne mafi tsufa a Unguwar Gabas, dogon mutum mai kaifin baki, wanda kakansa ya goya, don haka abin da ya ji da kunnensa ya wuce na kowa nisa. Ya sa Kamaruddeen ya kashe rikoda, ya mai da biro aljihu, sannan ya kama hannunsa ya riƙe gam.

"Kamaru, amana zan ba ka. Ka rubuta, ka adana, amma kada ka fitar, kada ka faɗa wa kowa, sai bayan raina."

Kamaruddeen ya ce ya ɗauka, Allah ne shaida. Ko daƙiƙa bai yi yana tunani ba.

Maganar ta fadama ce. Kwarin Dashi unguwa biyu ce, Gabas da Yamma, fadama a tsakaninsu. 'Yan Gabas ke noma ta, su yi tumatir da albasa da rake duk rani, kowa kuma ya tashi ya ji ana cewa kakanninsu ne suka sari wurin. 'Yan Yamma ba su da ko kwando ɗaya a ciki, da an gama kaka sai samarinsu su watse cin rani. To, abin da Baba Yuguda ya faɗa shi ne, 'yan Yamma ne suka riga zuwa. Kakansa baƙo ne, yunwa ta koro shi da jaki ɗaya da mace da goyo, suka ji tausayinsa suka ba shi aron fadamar. Alamar aron kuwa, duk kaka sai ya ɗauki damin gero ɗaya a kansa ya kai babban gidan Yamma. Shi Yuguda yana yaro ya sha bin bayan damin nan. Da tsofaffin da suka san zancen suka ƙare, ubansa ya daina kaiwa, ba wanda ya ce uffan, shi ke nan aro ya zama gado. Tsohon ya ce ba ya so ya gamu da Ubangijinsa da wannan a cikinsa, amma kuma ba zai iya kallon idon 'ya'yansa da jikokinsa ba ranar da za ta fito, don da fadamar nan suke ci.

Kamaruddeen ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Wannan ba irin tarihin da ya saba ba ne, na wane ya haifi wane. Ya ga littafi sukutum, ya ga sunansa a bango. Kuma, Allah ya yafe masa, ya yi lissafin da kowa zai yi: tsohon ya haura tamanin, ga tari, ga ciwon ƙafa. Wannan lissafin ma faɗuwa ya yi.

Baba Yuguda bai ba da labarin a zama ɗaya ba, da cokali yake ba shi. Wannan Juma'ar sunan mai gidan da ake kai wa damin, wata Juma'ar hanyar da ake bi da shi, wata kuma ya ce yau bakinsa ba daɗi, a dai bar masa goron. Ana cikin haka Dakta Abdulkabir ya kira Kamaruddeen ya ce ya dawo Kano ya zama mataimakinsa, ga ɗaki ga ɗakin karatu. Kamaruddeen ya ce a ɗan ba shi lokaci, akwai abin da yake ƙarasawa. Aka ba wani. Da wancan ya samu gaba ya tafi aka sake kiransa, ya sake cewa a ɗan ba shi lokaci. Ba a kira shi na uku ba.

Matarsa Aina'u ba ta ga abin dariya a nan ba. 'Yar Yamma ce, yayyenta biyu duk rani suna kudu suna tura baro. Ta sha tambayarsa me ya ɗaure shi a garin nan, ko an binne masa cibiya a zauren Baba Yuguda ne. Sai ya yi murmushin yaƙe ya ce aiki ne. Ta ce aikin da ba ya ƙarewa ai ba aiki ba ne, ciwo ne. Yana kallonta tana ɗaure wa yayyenta ƙullin yaji da kuka za su kama hanya, shi kuma yana sane da cewa ƙasar kakanta ce can kore shar a hannun wasu. Abin yana ci masa rai ƙwarai, ya rasa wanda zai faɗa wa.

Tsohon kuwa sai ƙara garau yake. Ya binne ƙannensa, ya binne ɗansa na fari, tarin ma ya gaji ya bar shi. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi har aka fara kiran 'yan uwa na nesa. Kamaruddeen ne ya ɗaure shi a bayansa da zani kamar jariri, ya ratsa laka da shi a kan babur zuwa asibiti. Yana tuƙi yana addu'ar Allah ya tashi kafaɗarsa, da gaske yake yi, don ya shaƙu da tsohon kamar uba. Amma can ƙasan zuciyarsa wani abu yana cewa watakila lokaci ya yi. Ya ji kunyar kansa har ya kasa cin abinci ranar. Baba Yuguda ya warke ya dawo gida yana mitar kunun asibiti ba tsami.

Jikin ya warke, amma kan bai dawo daidai ba. A hankali ya fara kiran jikoki da sunan matattu, ya yi sallar azahar ya ce a kawo masa ruwan alwala bai yi ba. Sai kuma bakin ya buɗe. Maganar da ya ɓoye shekara da shekaru ya shiga zazzage ta a ƙofar gida ga duk wanda ya tsaya, mai tallan ƙosai ne ko mai gyaran takalmi. Sai dai ta juye masa. Damin yana nan a labarin, yaron da ke bin bayansa yana nan, amma yanzu 'yan Yamma ne ke ɗauko shi su kawo wa kakansa, don shi ya ba su wurin zama. Yana faɗa yana rantsuwa, 'yan Gabas suna gyaɗa kai suna cewa ka ji daga bakin mai ita.

Labari ya kai kunnen Najib, wani sabon marubucin Kufai da ya gama jami'a, mai zafin nama, ba mugu ba ne ko kaɗan. Ya zo da wayarsa ya ɗauki tsohon yana magana, ya watsa wani guntu, ya rubuta sauran ya kai wa edita. Dakta Abdulkabir ya bugo wa Kamaruddeen ya ce tunda garinsu ne, kuma shi ne ya tsufa a kan tarihinsa, ya duba ya faɗi ko akwai gyara kafin fitowa ta gaba. In bai ji daga gare shi ba zai buga yadda yake.

Nan fa ido ya raina fata. Kamaruddeen ya san mutanensa. Abin da aka faɗa a ƙofar gida iska ce, amma abin da aka buga a takarda, a leda za a naɗe shi a sa a ƙasan akwati, ranar da rigimar fadama ta tashi a shimfiɗa shi gaban hakimi. In ya yi shiru, 'yan Yamma sun rasa ƙasarsu sau biyu, har da zama baƙi a garin da suka kafa. In ya yi magana, ya ci amanar da ya ɗauka da sunan Allah, mai ita kuma yana numfashi. Ya je wurin liman ya kewaya ya kewaya, wai wani abokinsa ne abin ya samu. Liman ya ce shi dai abin da ya sani, wanda ya ɗaura shi ke kwancewa, abokin ya koma wurin mai amanar.

Da ya shiga gida ya tarar da Aina'u da waya a hannu, muryar Baba Yuguda na fita daga ciki. Idonta ya yi ja.

"Malam, kai da ka san asalin kowa daga nan har Kunci, ka faɗa mini. Mu ne baƙi a garin nan?"

Ya kai hannu ga kwanon tuwon da ta ajiye masa. Ya ce tuwon ya yi sanyi, ko za ta ɗumama masa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗauki kwanon ta fita. Tun da suka yi aure bai taɓa ganin ta yi masa irin wannan kallon ba.

Da hantsi ya tafi wurin tsohon. Ya same shi a kan buzu a gindin darbejiya, an ajiye masa kofin kunu ƙuda na zagayawa. Ba kowa a wurin. Kamaruddeen ya durƙusa ya gaishe shi, ya kama hannun nan da ya zama ƙashi da fata, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin yaro. Ya tuna masa ranar Juma'ar, da rikodar da aka kashe, da jaki da mace da goyo. Ya ce abin da yake roƙo kalma ɗaya ce, tsohon ya ce ya sake shi daga amanar.

Baba Yuguda ya ƙura masa ido. Can sai fuskarsa ta washe, har Kamaruddeen ya ɗauka ya gane shi ne.

"Kai ma zancen fadama ya kawo ka? Ɗan nan, ka makara. Abin da nake faɗa wa mutane ban san ko daidai ba ne, kaina ya zama rariya. Na gaskiyar na ba wani yaro ajiya, Kamaru, ɗan gidan Faruk."

"Baba, ai ni ne Kamarun."

Tsohon ya yi dariya har da tafa cinya. Ya ce Kamaru yaro ne matashi, baƙin gashi, wannan mai furfurar ya je ya yi wa wani wayo.

"Ka je ka same shi in kana so, amma wahalar banza za ka yi. Ko wuƙa ka sa masa ba zai faɗa ba. Yaron nan ɗan amana ne, shi ya sa nake barci da daɗi."

Waya ta fara ruri a aljihun Kamaruddeen. Bai duba ba, ya san mai kiran. Ya kore ƙudan, ya ɗauki kofin ya tallafi kan tsohon ya ba shi kunun kurɓi-kurɓi har ya ƙoshi, ya goge masa gemu da gefen rigarsa. Sannan ya miƙe, kuma tunda ba a barin gaban babba haka kawai, ya yi masa sallama yadda ake yi.

"Allah ya ƙara lafiya, Baba. Allah ya ƙara nisan kwana."

Baba Yuguda ya shafa fuskarsa da hannu biyu ya ce amin.