Hanyar da Halidu ya zana wa ruwa

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Halidu, kuma har yau in hadari ya haɗo ta wajen teku, Ummanmu takan ajiye abin da take yi ta koma bakin taga.

A nan Jidda aka haife shi, a unguwar Aziziyya muka tashi. Da sikila ya zo duniya, rabin sakandarensa a gadon asibiti ya yi ta. Sakamakonsa bai kai na jami'a ba, sai ya shiga kwalejin nan ta shekara biyu mai ba da difloma. Umma ta ji daɗin haka, ba ta kuma ɓoye ba. Kwalejin kusa take, in ciwo ya tashi a ɗauko shi kafin shayi ya huce. Burinta ya gama, ya sami aikin zama a inuwa.

Ashe ɗan taurin kan nan tsani ya ɗauki kwalejin. Yana gamawa ya ce jami'a zai koma, ya karanta fiziks irin wanda ake yi da kwamfuta. Jami'ar ta ce ba duk darussan da ya yi za ta karɓa ba, sai ya maimaita wasu. Na ce masa wannan ai wahalar da kai ne. Ya ce, "Yaya, ke ɗinki kika iya, halas." Halas ɗin nan Larabcinsa ne, wato shi ke nan. Na kai masa duka da tsumma, ya goce yana dariya.

Umma ta ce atafau. Ga nisa, ga zirga-zirga cikin rana, ga jikin da ba ya son wahala. Halidu kuwa yana jin Hausa sarai, amma in gardama ta yi zafi sai Hausar ta gudu ta bar shi da Larabci. Don haka bai ja da Umma ba, kwamfutarsa ya ɗauko. Ya zana layinmu a ciki, da gangarensa, da shagon mai burodi, da darbejiyar bakin masallaci, sannan ya saki ruwan sama a kai, wasu shuɗayen ɗigo-ɗigo suna gudu. Ya ce ruwa yana da dokokinsa, in ka gaya wa na'ura dokokin da yanayin ƙasa, za ta nuna maka inda zai bi tun bai sauka ba.

"Umma, duba. In ya yi yawa sosai, a gindin bishiya zai rabu biyu, rabi ya shiga lungun bayan masallaci."

Na yi dariya har da riƙe ciki, don tun muna yara ba mu taɓa ganin ruwa a lungun nan ba. Umma ba ta yi ba. Ta sa ya sake sakin ruwan, ta kalli fuskarsa fiye da yadda ta kalli allon, ta ce, "Je ka, Allah ya yi albarka."

Bai gama zangon farko ba. Ciwon ya kama shi a ƙirji, ya yi 'yan kwanaki a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Likitoci sun ce ko a ɗaki yake zaune hakan na iya faruwa. Umma ta ji da kunne, zuciyarta ba ta ji ba. Sai muna tsintar shinkafa ta ɗago ta ce, "Hadiza, da na hana shi, da yana nan?" Shekara da shekaru ina ba ta amsa, amsar ba ta zama.

A garin nan kabari ba suna, mu mata kuma ba ma zuwa. Kwamfutar ta zame mana wurin ziyara, nakan kunna mata ta kalli ɗigon suna gudu. Bara kwamfutar ta ƙi tashi, mai gyara ya ce ba ta da sauran amfani. Na yi kuka ranar kamar sabuwar rasuwa.

Yanzu waya ce ke gaya mana ruwa na tafe. Nakan ce da yana nan da ya ƙwace ta, ya tambayi wa ya tsara, ya ce shi zai fi su iyawa. Girman kansa ma kewarsa nake yi.

Bai bar digiri ba, bai bar mata ko ɗa ba. Na daɗe ina ganin bai bar komai ba sai tambayar da ke cin Umma. To, a sanyin da ya wuce aka yi ruwan da ban taɓa ganin irinsa a layinmu ba. Ina kwashe yadudduka daga ƙasa na ji ta ƙwala mini kira. Na same ta a bakin taga, tana nuni. Ruwan ya gangaro ta gaban mai burodi, ya kai gindin darbejiya, ya rabu biyu, rabi ya shige lungun bayan masallaci.

Muka tsaya muna kallo, hawaye na zubo mana. Can ta share fuska da bakin mayafi.

"Yaron nan ya san abin da yake yi," in ji ta. "Gara da na bar shi ya tafi."

Tun ranar ba ta sake yi mini tambayar ba. Allah ya jiƙanka, Halidu. Ni na yi maka dariya, kai ka yi gaskiya.