Kwalbar Kananzir a Ɗakin Kimiyya

Wata Laraba a daminar 1976, a makarantarmu ta kwana a Gusau, Malam Bala mai koyar da kimiyya ya yanko wani ƙarfe mai laushi, bai fi ƙwayar dawa ba, ya jefa a kwanon ruwa. Abin ya riƙa gudu a kan ruwan yana huci, sannan ya yi tartsatsi. Mu 'yan aji biyu muka ja da baya. Malam ya nuna jadawalin sinadarai da ke bango. Ya ce na layin farko daga hagu 'yan gida ɗaya ne, kowanne yana da ƙwayar lantarki guda a waje da yake neman yarwa, kuma kana sauka ƙasa fushinsu na ƙaruwa. Na can ƙarshen dama kuwa a ƙoshe suke, ba ruwansu da kowa. "Wanga sodiyam na," in ji shi. "Ƙanensa fotasiyam ya fi shi mugunta. Shi ya sa muke ajiye su cikin kananzir."

Abokina Sani, ɗan Kucheri, ba ya nan ranar. Ya tafi gida noman gero saboda mahaifinsa na kwance. Da ya dawo jarrabawa ta matso, kananzir kuma ya yi wuya a gari. Fitilarsa ta bushe, ga shi mayen karatu. Makon nan kuwa shara ta faɗo kansa a ɗakin kimiyya, inda kwalaben ƙarafan nan suke jere a kan kanta, hadari na ta haɗuwa kullum da yamma.

Wata rana bayan azahar muna wasan langa muka ji ƙara daga ɗakin kimiyya. Ashe Sani ne ya tsiyayi kananzir daga kwalbar fotasiyam don fitilarsa, sannan don kada a gane ta ragu, ya cika ta da ruwa, yadda ake yi wa nono. Ruwa ya nutse ƙasa ya iske ƙarfen. Muka tarar da shi durƙushe, hannuwa a fuska, yana cewa, "Kananzir na fa, mi ya yi zafi?" Idonsa na dama bai sake gani ba, bai kuma dawo makaranta ba.

Yanzu jikokina suna duba jadawalin nan a waya, da fitilar sola a gefensu, ba wanda ya damu da kananzir. Sani yana sayar da hatsi a kasuwar Tsafe. Ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, darasi ɗaya kawai ya rasa.