Teburin Kawu Kunnuwa

Kunnuwa ake kiransa a ofishinmu, har masu shara. Ni Kawu nake ce masa, don sa'an mahaifina ne, kuma teburina yana manne da nasa tun ranar da aka ɗauke ni aikin karɓar baƙi. Kamfanin namu na gyaran firji ne da injin sanyaya ɗaki. Mutum ya bugo ya ce firjinsa ya daina sanyi, Kawu ya ɗaga waya, ya rubuta unguwa da layi da irin ciwon firjin a kwamfuta, makanikai su gani a rumfarsu da ke can baya, su saɓi jaka su fita. Aikin ke nan, kuma Kawu ba ya gani.

Da can shi ma makanike ne, har ana cewa in ya kara kunne a jikin firji sai ya faɗa maka abin da ke damunsa. Hawan jinin ido ya kama shi, ya riƙa cinye masa gani kaɗan-kaɗan, har wata rana ya sa hannu a fankar inji tana juyawa. Tsohon Oga, Allah ya jiƙansa, bai kore shi ba, ya dawo da shi gaba ya ba shi teburi da waya. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, sai ya koma gidan ƙanensa, aka ba shi ɗakin da ke jikin garejin mota. Ƙanen nan mutum ne mai tsari, wai. Duk ranar da babu aiki, in za su fita shi da iyalinsa, sai ya sa wa ɗakin Kawu kwaɗo ta waje, don kada ya fita mota ta buge shi a ce sakacinsu ne. Ranar aiki kuwa dole a buɗe, tunda motar kamfani tana tsayawa a ƙofa tana hon maƙwabta suna kallo. Kawu ya taɓa gaya min wannan yana dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Tun daga ranar na gane cewa teburin nan shi ne mabuɗin ɗakinsa.

Kwamfutarsa tsohuwa ce tukuf, in an kunna ta tana gurnani kamar injin niƙa. Mai Gyara ne ya haɗa masa ita, mai kula mana da kwamfutoci, wani dogon mutum mai kirki da tsoro, wanda ko tari Oga ya yi sai ya miƙe tsaye. Babbar manhajar da ya sa mata, wato wadda ke tuƙa komai a ciki, ta kyauta ce. Ba a sayenta. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suke haɗa ta don sha'awa, kowa yana iya buɗe cikinta ya duba ya gyara. Duk sanda suka fitar da sabuwa, iri uku take zuwa. Akwai mai kwalliya, wadda tagoginta ke sulɓi da walƙiya, ba ta zama sai a sabuwar kwamfuta mai ƙarfi. Akwai ta tsakiya. Sannan akwai mara nauyi, mai launin toka, babu hoto babu rawa, wadda aka yi don tsofaffin kwamfutoci. Ita ce a ta Kawu, kuma a cikinta akwai murya mai karanta wa makaho duk abin da ke kan allo.

Muryar nan ba ta da daɗi ko kaɗan, kamar ta mai mura. Amma Kawu ya yi shekaru yana hora ta. Ya koya mata faɗin sunayen unguwanni yadda mutane ke faɗa, ya ƙara mata sauri har ni in na sa iyafis ɗinsa a kunne sai in ji kamar kukan tsuntsaye. Linzamin kwamfuta, ɗan abin nan da ake ja da hannu a kan tebur, bai taɓa taɓa shi ba, yana cikin aljihun tebur a nannaɗe. Komai da madannai yake yi, ya san wannan ya kai shi nan, wancan ya dawo da shi can. Allon ma a kashe yake barinsa, ya ce me zai ɓata wuta a kai.

Makanikai kuwa sun mai da shi kakansu. Muryar suke kira amaryar Kunnuwa, kullum sai an tambaye shi yaya amarya ta kwana. Wata rana suka ciro madannan suka musanya musu wuri, suka laɓe suna jira. Shashashai, mutumin da ba ya kallon madannai ina ruwansa da abin da aka rubuta a kansu? Ya yi aikinsa lafiya lau. Abin ya ba su haushi, washegari suka manna musu cingam. Shugabansu a wannan iskanci shi ne Babban Makanike, wanda Kawu da hannunsa ya koya wa riƙe sifana. Na sha zagin makaniken nan a gaban mutane, ko a jikinsa, sai ma ya ce ai ni ce amarya ta biyu.

Da Tsohon Oga ya rasu, ɗansa ya hau kujera. Ɗan Oga ba mugu ba ne irin mai ihu. Murmushi gare shi, da turare, da son duk abin da ke sheƙi. Abu na farko da ya yi shi ne ya rushe bangon gaba ya sa gilashi, don masu wucewa su ga yadda muke aiki. Ana cikin haka sabuwar manhajar ta fito, kuma Mai Gyara ya kai masa labari cewa an daina kula da tsohuwar, dole a sauya. Ya nuna masa iri ukun a wayarsa. Ɗan Oga bai ko ƙarasa kallo ba ya ɗora yatsa a kan mai kwalliya, ya ce ita za a sa wa kowa, bai son teburi ɗaya ya bambanta da ɗan'uwansa. Mai Gyara ya yi ta sosa ƙeya, ya ce ta Kawu ba za ta ɗauka ba, a bar masa mara nauyi, ita ma sabuwa ce ai. Ɗan Oga ya ce wannan ba matsala ba ce, zai saya wa Baba, wato Kawu, sabuwar kwamfuta.

Ranar da aka kawo ta sai ka ce biki. An tara ma'aikata, an kira mai hoto, an sa Kawu ya rungumi allo mai faɗin faranti biyu yana murmushi. Mai hoton ya yi ta cewa ya kalli nan, ya kalli nan, mutane suna ƙunshe dariya. Ana tafi, masu shara suka fice da tsohuwar ta ƙofar baya, aka ba mai sayen ƙarafa. Da Kawu ya zauna ya miƙa ƙafa inda ya saba jin ɗuminta, ya ji wayam, ya tambaye ni ina aka kai ta. Na gaya masa. Ya lalubi iyafis ya sa a kunne.

Mai kwalliya ita ma tana da murya, kada in yi mata ƙarya. Sai dai shafin da Ɗan Oga ya sa aka zana mana a kanta duk hotuna ne: hoton waya, hoton mota, hoton sifana, ba wanda aka raɗa wa suna. Muryar in ta zo kansu abu ɗaya take faɗa, maɓalli, maɓalli, maɓalli. Hanyoyin da yatsun Kawu suka haddace duk sun sauya wuri. Ya danna abin da ya saba, taga ta sulale ta ɓace. Ya tura makanike unguwar da ba ita ba. Ya goge aikin wata mata mai sayar da ƙanƙara, ta zo har ofis ta wanke shi tas, yana tsaye yana ba ta haƙuri ta inda ba ta tsaya ba. Na ga gumi yana ɗiga daga haɓarsa kan madannai, a ɗakin da mu muke rawar sanyi. Ɗan Oga ya zo ya dafa shi, ya ce Baba ya yi ƙoƙari, in abin ya gagara ai hutu ba laifi ba ne.

Kalmar hutun nan ce ta sa Kawu ya roƙi Mai Gyara. A gabana ya kama hannunsa da hannu biyu. Mai Gyara ya waiga hagu ya waiga dama, ya ce zai gwada amma kada a ce shi ne. Da aka fita cin abincin rana ya sauke mai kwalliya ya ɗora mara nauyi. Wallahi sai ka ce an zuba wa shuka ruwa. Kawu ya koma gudu, waya tana shigowa yana sallama, har yana tsokanata wai ni da idona biyu ya fi ni sauri. Na yi murna kamar ni aka yi wa.

Murnar ba ta yi nisa ba. Wasu baƙi suka zo daga wani babban otal da Ɗan Oga yake nema ya samu aikinsu. Yana zagayawa da su, alluna suna ta walƙiya a jere, sai ga na Kawu baƙi ƙirin a kashe. Ɗan Oga ya miƙa hannu ya kunna, sai launin toka ya fito da rubutu tsirara kamar na zamanin da. Ya yi dariya a gaban baƙi. Suna fita ya kira Mai Gyara ofishinsa, kuma da Mai Gyara ya fito bai iya kallon kowa ba.

Na ɗauka korar Kawu za a yi. Ashe baƙin nan abin da ya fi burge su a duk kamfanin shi ne makaho a gaban kwamfuta, har ɗayansu ya ɗauke shi hoto. Ɗan Oga kuwa ba ya zubar da abin da ke burge baƙi. Sai aka matsar da teburin Kawu jikin gilashi, inda duk mai wucewa zai gan shi. Aka gaya masa muryar ta lalace ana gyara, kafin nan ya ci gaba da rubutu da ka yadda ya saba, komai yana shiga. Aka raba layin wayarsa biyu, wata sabuwar ma'aikaciya a bene tana jin duk kiran da ya ɗauka, ita ke rubutawa. Madannansa kuwa an zare musu waya. A allonsa tallan kamfani ne ke yawo, firji yana buɗewa yana rufewa. An ja wa kowa kunne cewa duk wanda ya faɗa masa, a bakin aikinsa.

Makanikai suka samu sabon wasa, wanda ya fi cingam daɗi. Kullum sai Babban Makanike ya shigo ya tsaya a kansa ya ce aikin Kawu yanzu ba kuskure ko ɗaya, Kawu ya fi inji, sauran suna bayansa suna toshe baki. Kawu ya yi godiya, ya ƙara gyara zama. Ni kuwa na je wa Mai Gyara, ya ce yana da 'ya'ya. Na je wa Ɗan Oga, ya tambaye ni da murmushi ko an rage wa Baba wani abu ne, ko an zage shi.

Ban iya daɗewa da abin a ciki ba, ni ba mai riƙe magana ba ce. Wata rana da tsakar rana ofis ya yi shiru, na ja kujerata kusa da shi, na gaya masa komai: wayar da aka zare, yarinyar bene, tallan firji, dariyar makanikai. Ina faɗa ina kuka don takaici. Ya bari sai da na gama, sannan ya zare iyafis ɗaya.

"'Yar nan, ai na sani," in ji shi. "Tun satin farko na gwada. Sunan marigayiya matata na yi ta rubutawa tun safe har rana ta take, ban rubuta unguwa ko ɗaya ba, kuma duk firjin aka je aka gyara."

Na ce to don me yake zaune yana bari ana mai da shi abin dariya, ya tashi mu hau bene wajen Ɗan Oga yanzu a yi ta ta ƙare. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya sassauta murya.

"In suka san na sani, wasan ya ƙare. In wasan ya ƙare, me za su yi da ni a nan? Motar ba za ta ƙara tsayawa a ƙofar gidanmu ba. Don Allah ki rufa min asiri, ki bar su su yi dariyarsu."

Kafin in ba shi amsa ƙofar baya ta buɗe, Babban Makanike ya shigo da mutum biyu, yana sakace haƙori. Kawu ya sake ni da sauri, ya mayar da iyafis, ya ɗora yatsu a kan madannai. Babban Makanike ya ƙifta min ido, ya buga kafaɗar Kawu, ya ce yau ma aiki ya yi kyau, adireshin nan na ƙarshe kamar da hannu ya kai su ƙofar gidan.

Kawu ya ɗago fuska ya washe baki, ya ce ya gode, ai da taimakonsu ne. Suka fashe da dariya, shi ma ya taya su. Ni na juya na fuskanci gilashi, inda wata mata ta tsaya da ɗanta tana nuna masa Kawu da yatsa.