Daren da Kaka Ta Ce "Na"

Gidanmu yana can wajen Tagwai, kusa da dam, kuma da an ci tuwon dare bakin murhun Kaka muke tarewa. Ita 'yar Gbagyi ce, a kasuwa ta koyi Hausa, ba ruwanta da "ya" ko "ta". Sai ta ce yarinya ya tafi rafi, sarki ta yi fushi, mu yi ta ƙyalƙyala dariya har ta ɗaga mana muciya. Yatsu huɗu ne a hannunta na dama. Mun taso ana ce mana taɓarya ce ta cinye ɗayan.

Ina 'yar shekara tara kazata ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki bakwai. Sati uku suna ɗakin girki a ƙarƙashin kwando, sai aka ce gobe za a fitar da su akurkin bayan gida. Na wuni ina shafa musu jan rini don kada shirwa ta gane su. Kaka ta ce in kwaɓa laka in toshe kafofin akurkin. Na leƙa, na ga wata 'yar kafa ta baya da ba ta wuce bakin kwalba ba. Na ce a raina tsohuwar nan akwai neman aiki, na tafi wasana.

Daren nan ko buɗe tatsuniyar ba ta yi ba yadda ta saba.

"Akwai wani yarinya," ta ce, muka fara dariya.

Wai yarinyar tana da 'yan tsaki, ta rina su, ta kafa sanduna da tsummoki, kullum idonta a sama da dutse a hannu. Shirwa ta gaji da shawagi, ta kai ƙara wurin gamsheƙa. Gamsheƙa ya tambaya ina yarinyar take kallo. Shirwa ta ce sama. Ya ce to, a bar shi da ita. Ya sulale ta wata 'yar kafa, ya haɗiye 'yan tsakin, cikinsa ya yi ƙato har ya kasa fita, sai ya naɗe a lungu.

"Da safe yarinya ya kawo gero," in ji Kaka, tana tura itace a wuta. "Bai ji kuka ba. Bai leƙa ba. Sai na sa hannu."

Ni uwar iyayi na ce, "Kaka, 'ta sa' za ki ce."

"Na sa," ta ce.

Ta ɗaga hannun damanta a hasken wuta. Hannun da yake ba ni ƙanzo kullum, ranar na fara ganinsa. Ta ce kwana uku hannun yana kumbure, yatsan ya yi baƙi, aka yanke shi tana ji tana gani.

"Taɓaryar fa?" na tambaya.

"Uwarku ne ya ƙirƙira, don ku yi barci."

Ba ta rufe tatsuniyar ba, ta tashi ta shige ɗaki. Gari bai gama wayewa ba ina bayan akurki da laka har gwiwar hannu, ina toshewa ina kuka.

Na daɗe ina ɗauka tsorata ni kawai ta so yi. Sai da na girma na gane ta zagaya ta ga ban toshe kafar ba. Tana iya zane ni, amma ta zaɓi ta tono abin da ta yi shekara hamsin tana rufewa.

Yanzu a unguwar Sauka Kahuta nake, akurkina na waya ne. Watan jiya muka fitar da 'yan tsaki, washegari da safe 'yata Hauwa ta ruga ta buɗe ƙofar, ta miƙa hannu ba ta leƙa ba. Ihun da na kurma sai da maƙwabta suka fito. Babu komai a ciki sai 'yan tsaki suna tsattsaga.

"Mama, lafiya?" ta ce.

Na kama hannunta ina ƙirga yatsun, na kai biyar, na sake farowa.