Agogon Babana a Ɗakin Injin Ruwa

Da zan taho Madina aikin gonar dabino, kowa a gidanmu ya ce in bar agogon nan a Kano. Ni kuwa halina ne, idan aka ce in saki abu, a lokacin nake ƙara damƙe shi. Agogon bango ne na lantarki, mai bakin katako, wanda aka ba babana ranar da ya ajiye aikin jirgin ƙasa. In dai ba a ɗauke wuta ba, maƙwabta har leƙowa suke yi zaurenmu su daidaita nasu da shi. Marigayin yakan ce mutum da agogonsa, in ɗaya ya yi ƙarya an daina yarda da su duka biyun. Na naɗe shi a bargo na cusa a tsakiyar akwati.

Aikina a unguwar Awali ta Madina shi ne kula da injin da ke jawo ruwa daga rijiya. Rijiyar ta kafilina ce, Balaraben da ya ɗauko ni kuma zamana a ƙasar yake hannunsa, amma gonaki biyu take shayarwa. Bayan katangarmu akwai wani tsoho, Bahaushe haifaffen Madina, wanda kakansa ya zo hajji a ƙafa ya zauna. Tun zamanin iyayensu aka tsara cewa da safe za a sakar wa tsohon ruwa awa biyar, sannan a juya wa gonarmu. Makullin ɗakin injin yana aljihuna, kuma ina ji da wannan makulli.

Wata rana agogon hannuna ya faɗa kwata ya sha ruwa ya mutu, sai na ce ai ga ranar na babana ta zo. Na jona shi a ɗakina, ya yi ta gunaguni, hannunsa na rawa, ya ƙi tafiya. Ban yi mamaki ba, don wutar ɗakunan kwana a gonar ɗari da goma ce, rabin ta gida. A ɗakin injin kuwa akwai mai ɗari biyu da ashirin. Ina jona shi a nan ya kama tafiya sumul, ni kuma na shiga yabon kaina, na ce na gano bakin zaren.

Washegari na daidaita shi da rediyo ƙarfe shida, na saki ruwa, da ya nuna sha ɗaya na juya. Da aka kira azahar na ga ya yi gaba sosai. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce girgizar hanya ce, zai dawo hayyacinsa. Agogon babana ne fa! Kashegari na sake daidaita shi, na sake yin yadda na yi.

A rana ta uku da hantsi sai ga tsohon da kafilina a bakin ƙofa. Tsohon ya nuna ni da sandarsa.

"Ya waladi, kwana biyu moya, ruwan nan, ba ta kai layin dabinona na ƙarshe ba. Ni ba na ɗaura sa'a, agogon nan naku, amma inuwar katangata ba ta taɓa cuta ta ba. Kana yanke mini ruwa kana ba mai gidanka, don a ce kai mai ƙoƙari ne?"

Na ce, "Baba, wallahi awa biyar cif nake ba ka. Ga agogo nan."

"Halas, to kai da agogon ku duka maƙaryata ne."

Maganar nan ta soke ni fiye da yadda zan iya faɗa, don kamar daga bakin babana aka ɗauko ta. Kafilina bai yi faɗa ba. Ya miƙo hannu na ba shi makulli, ya ce da Larabci yana ba ni zuwa la'asar. In ba ni da bayani, shi ba zai ɓata maƙwabtakar shekaru saboda ni ba, jirgi zai sa ni.

Na sauke agogon da niyyar in buga shi da ƙasa. Da na juya bayansa sai na ga ɗan ƙarfen da aka buga lambobi a kai, an rubuta hamsin kusa da ƙarfin wutar. Na duba irinsa a jikin injin ruwa, na ga sittin. Nan na tuna ubangidana da ya koya mini naɗin waya a Kano. Ya taɓa ce mana wutar lantarki ba ƙarfi kawai gare ta ba, tana da bugu kamar zuciya, kuma irin wannan agogo bugun yake ƙirgawa. Ta gida hamsin take bugawa a sakan, ta nan sittin. Na durƙusa na yi lissafi da tsinke a ƙasa har sau uku. Kowace awa tasa minti hamsin ce, ashe kullum minti hamsin nake cinye wa tsohon ban sani ba.

Bayan la'asar suka dawo. Na roƙi kafilina ya ajiye agogon hannunsa a kan durom, na sake jona nawa na daidaita shi da nasa ƙarfe huɗu.

Na ce, "Idan naka ya kai biyar saura goma, nawa zai nuna biyar daidai. In ya kauce ko da minti ɗaya, ni da kaina zan haɗa akwatina."

Muka zauna muna jira. Tsohon yana jan carbi, yana harara ta. Da dogon hannun nawa ya hau sha biyu, kafilina ya ɗauki nasa ya duba, ya sake dubawa, sai ya fashe da dariya ya nuna wa tsohon. Biyar saura goma, ba ƙari ba ragi. Ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Na yi musu bayanin bugun wutar, na kuma amsa cewa laifin nawa ne da na ga alama na yi taurin kai. Na ce daga gobe awa shida a wannan agogo ita ce biyar ɗin Baba, kuma goben zan ƙara awa biyu na biya abin da na ci.

Tsohon ya daɗe yana kallon agogon, sannan ya ce, "Wato a ƙasar kakana har kahraba, wutar lantarki, ba ta gaggawa?"

Kafilina ya jefo mini makulli, ya ce zai sayo mai batir a huta. Tsohon ya ce a'a, a bar wannan, abin da ya san iyakar kuskurensa ya fi masa wanda bai gwada ba.

Kashegari ruwa ya kai layin ƙarshe har ya kwanta a gindin dabinon. Mako guda tsohon yana tsayawa a bakin katangarsa yana gwada ni da inuwa, ina ganinsa ina yi kamar ban gani ba. Daga nan ya daina. Sai dai da rana ta ɗaga in ji muryarsa ta bayan katanga: "Ɗan Kano! Agogon babanka ya ce nawa?" Abin da na faɗa masa kuma, shi ke nan, ba ya sake tambayar kowa.